Cikin alhaji da kunnensa a hanyar Makka zuwa Madina

Aikina rakiyar masu Umra ne, waɗanda ke zuwa daga Najeriya da Nijar. A Makka aka haife ni, wajen Shara Mansur, Hausa a gida, Larabci a waje, don haka ni ke zama kusa da direba in yi tafinta, in kuma yi bayanin wuraren da muke wucewa. Tsakanin Makka da Madina kimanin kilomita 450 ne. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yana cinye tafiyar cikin awa biyu da wani abu, amma yawancin mutanenmu bas suke shiga saboda kaya da aljihu, ita kuwa sai ta yi awa biyar ko shida idan an haɗa da tsayawa.

Babban abin da aikin nan ya koya mini shi ne kunnen matafiyi a cikinsa yake. Mai jin yunwa ba ya sauraron tarihi, wanda ya ƙoshi ƙwarai kuma barci yake yi. Gidajen abincin kan hanya mandi da bukhari suka fi sayarwa, shinkafa ce mai maiƙo da kaza ko naman rago, a zubo ta a babban faranti a zauna a ƙasa a kewaye ta. Tana da daɗi, ba musu. Amma idan aka ci ta da azahar aka koma cikin sanyin bas, duk abin da na faɗa bayan nan da direba kaɗai nake magana. Shi ya sa nake gabatar da bayani mai nauyi kafin a ci, ko in jira sai an ɗan runtsa an sha shayi.

Tsofaffi su ne ma'aunina. Kafin mota ta tashi ina bi kujera kujera: "Baba, akwai ciwon suga? Hajiya, an sha maganin hawan jini?" Da yawa kunya ke hana su faɗa a gaban jama'a, sai an sunkuya an tambaya a hankali. Wanda ke da suga ba a barinsa ya jira sai an kai tashar da direba ya saba tsayawa. Dabino da ruwa na kusa da ni saboda shi. Da safe tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, sun fi karɓar cikinsu, kuma laban yana kwantar musu da hankali don ya yi kusa da kindirmon gida. Ba na hana kowa fito da yajinsa ko dambun namansa. Na ga dattijuwar da ta ƙi taɓa shinkafar Larabawa, da aka barbaɗa mata yaji daga jakar maƙwabciyarta ta cinye tas, har ta sa mana albarka.

Game da ziyara, Badar ce ta fi taɓa ni. Babbar hanyar motar Makka zuwa Madina, wadda ake kira hanyar Hijira, ba ta bi ta can, sai an ɗauki ta gefen teku ta wajen Rabig, tafiya ta ƙaru. Duk da haka idan jama'a na da ƙarfi ina roƙon a bi. Garin na da nisan kusan kilomita 150 daga Madina. A nan aka gwabza ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi ɗari uku da goma sha wani abu suka fuskanci rundunar da ta ninka su kusan sau uku, 14 daga cikinsu suka yi shahada. Kowa ya ji wannan tun yana makarantar allo ko a bakin mai wa'azi. Amma mutumin da ya sauko daga mota mai sanyi ya ji rairayi na ƙona masa tafin ƙafa ta cikin silifa, ya tuna sahabbai karɓa-karɓa suka yi da raƙuma 70 kafin su iso nan, ba ya buƙatar in ƙara masa komai. A wurin nan gajarta magana nake yi.

Abin da ba na yarda da shi shi ne mai rakiya ya nuna kowane dutse ya ƙaga masa labari don a ce ya sani. Mutanen nan sun tara kuɗi shekara da shekaru, kuma abin da aka gaya musu shi za su kai wa jikokinsu. Amana ce. A Uhudu ma, inda Sayyidina Hamza da shahidai kusan 70 suke kwance, ina nuna tudun maharba daga ƙasa, in roƙi dattawa kada su hau da tsakar rana.

Dawowa ta fi son lura, domin a Abyar Ali ake ɗaura harami. Daga nan har Makka duk inda muka tsaya cin abinci ni ke fara shiga wurin wanke hannu in shinshina sabulun. Mafi yawansa mai ƙamshi ne, kuma mutum ya ci nama hannunsa duk maiƙo, ba zai tsaya tunani ba. Sai in ajiye marar ƙamshi da na zo da shi, in tsaya a bakin ƙofa ina cewa, "Alhaji, ga naka nan, bar wancan."