Kujerar fada ta shiga biro

Shekara bakwai ke nan ina aikin lissafin kuɗi a wani biro da ke unguwar Filato a Yamai, kuma biyar daga ciki a kan kujera ɗaya na yi su: baƙa, mai tayoyi, mai dogon baya, irin wadda muke ce wa ta darakta. Ranar da aka kawo ta har murna na yi. Ba a yi damina biyu ba fatar robar ta fara ɓarewa tana manne wa zane, bututun iskar da ke ɗaga ta kuma ya saki. In na zauna da safe daidai da tebur, kafin azahar na nutse. A watan Afrilu kuwa, lokacin da zafi ke haura digiri 40, da zarar wuta ta ɗauke sai soso da roba su koma kamar kasko, mutum ya tashi bayan rigarsa sharkaf.

Ciwon ya soma daga ƙugu, ya hau wuya, har ruku'u ya fara yi mini wahala. Da na je asibiti, tambayar farko da likita ya yi mini ita ce: "Hajiya, in kin zauna, ƙafafunki suna taka ƙasa?" Wallahi ban taɓa lura ba. Ashe duk sa'ad da na ɗaga kujerar don in kai tebur, ƙafafuna reto suke yi. Teburin biro yawanci tsayinsa santimita 72 zuwa 75 ne, ni kuwa ba doguwa ba ce. Ya ce tafin ƙafa ya zauna a ƙasa, gwiwar hannu ta lanƙwashe daidai da saman tebur, saman gilashin kwamfuta ya zo daidai da ido, nisansa kamar tsawon hannu. Ya ƙara da cewa in riƙa tashi ina taka ƙafa, kada in jira sai kiran salla. Daga baya na ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu a shekarar 2020. Na tabbata da yawa a cikinmu muna ɗaukar shi gajiya ce kawai, mu sha magani mu koma kan kujerar da ta jawo shi.

Gyaran farko bai ci mini komai ba: ƙunshin takarda biyu a ƙarƙashin kwamfuta, da ɗan akwatin katako na ɗora ƙafa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai sai daga baya ya zo. Ina duba kujerun da ake yabo a duniya na ci karo da Aeron, wadda kamfanin Herman Miller na Amurka ya fitar a 1994. Abin da ya sa ta yi suna shi ne an cire soso, an sa saƙa mai ƙananan ramuka, iska na ratsawa, nauyin jiki na bazuwa. Ina ganin hoton na tuna kujerun da samari ke zama a kai a fada, wato dandalinsu na hira, suna dafa shayi, ƙarfe da igiyar roba saƙaƙƙiya. Tun ina yarinya nake ganinsu a ƙofar gidanmu, ban taɓa jin wanda ya ce sun sa shi zufa ba. Laifinsu ɗaya, sun kwanta baya da yawa, na hira ne ba na rubutu ba.

Ran Asabar na tafi kasuwar Katako wurin wani dattijo mai walda. Na ce, "Baba, irin kujerar fada nake so, amma bayan a miƙe, da ɗan tudu inda ƙugu ke jingina." Ya dube ni, ya ɗauko abin awo irin na tela, ya ce, "Zauna nan, ɗiyata." Ya auna daga diddige zuwa bayan gwiwa, ya auna zurfin mazauni, ya bar tazarar yatsa uku tsakanin bakin kujera da bayan gwiwa don kada ta matse jijiya. Ba wanda ya taɓa auna ni kafin a saya mini kujera a biro, alhali ko rigar salla ba ma yarda a ɗinka mana ba awo.

Ana ta maganar biron gobe: tebur mai tashi da sauka da lantarki, kujera mai faɗa maka ka daɗe a zaune. Ban raina su ba, amma a garin da ƙura ke shiga ko'ina, abin da ake juyawa da hannu kuma a gyara shi a Katako ya fi mana. Haka ma ginin kansa. Mai zanen gine-gine Mariam Issoufou ta nuna a Dandaji, cikin jihar Tawa, cewa tubalin ƙasa da tagogin da iska ke ratsawa suna riƙe sanyi a masallaci da ɗakin karatu. Me zai hana biro?

Kujerar da Baba ya yi mini ba ta hawa ba ta sauka, don haka in wani ya zauna a kai ba lallai ta yi masa daidai ba. Na faɗa wa Baba, ya ce zai gwada ƙafa mai ramuka da ƙusa, a riƙa matsarwa. Abokan aikina biyu sun ce za su bi ni Asabar mai zuwa a auna su.