Karofin Ƙofar Mata

Jiya na leƙa karofin Ƙofar Mata a Kano, inda kakana ya yi rini tsawon rayuwarsa, na dawo gida jikina a sanyaye. Wurin da ake cewa an kafa tun 1498 yana da rijiyoyi fiye da ɗari, amma kaɗan na tarar da ruwan baba, wato ruwan shuɗin rini, a ciki. Sauran sun ƙafe, wasu shara ta cike su. Wani dattijon marini ya shaida mini cewa yadi mai araha daga Sin ya janye masu saye, baƙin Turawa kuma sun ɗauke ƙafa tun hare-haren da Boko Haram ta kai Kano a 2012. A cikin masu tsoma zane jiya, ban ga saurayi ko ɗaya ba.