Inda na kai a zaɓen kwamfireso da ikwalaiza don kiɗan rawa na na'ura

'Yan uwa masu koyon haɗa kiɗa a kwamfuta, ina yi muku fatan alheri. Kiɗan rawa na na'ura irin na hawus da nake ginawa ya wuce matakin jera bugu da muryoyi, ya shiga matakin daidaita sauti, kuma a nan ne tambayar da ke hana mai koyo sakat take tasowa: wane kwamfireso zan ɗora, wace ikwalaiza zan yi amfani da ita? Kiɗan yana tafiya a kan bugu 125 a minti ɗaya. Kik ɗinsa, wato bugun babbar ganga, irin na Roland TR-909 ne, na'urar da ta fito a 1983 wadda masu hawus na Shikago da masu tekno na Detroit suka gina kiɗansu a kanta. Akwai bes (sautin ƙasa mai kauri) na sintesaiza (na'urar ƙirƙirar sauti), da tafi, da hayihat (kuge mai siririn sauti), da muryoyin fiyano, sannan da kalangu da wani makaɗi ya buga mini na naɗa.

Abin da ya fi sauƙaƙa mini aiki shi ne na daina fara tambaya da sunan filogin, wato ƙaramar manhajar sarrafa sauti, na koma fara ta da irin matsalar da kunnena yake ji. Matsalolin kuwa iri biyu ne. Wani lokaci sautuka biyu ne suke cunkushewa a mita ɗaya (mita ita ce yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa, ana auna ta da Hz), kowanne yana dishe ɗan uwansa, wannan aikin ikwalaiza ne. Wani lokaci kuma ƙarfin sauti ne yake hawa yana sauka a inda bai kamata ba, ko kuma sautuka biyu suna faɗowa a lokaci guda, wannan aikin kwamfireso ne. Idan mutum ya tantance wacce ce daga cikinsu, zaɓin kayan aiki yakan rage zuwa biyu ko uku.

Game da ikwalaizar gyara, ba zan daɗe ba. Wadda ke zuwa tare da manhajar da kuke aiki da ita ta isa: EQ Eight a Ableton Live, Fruity Parametric EQ 2 a FL Studio, ReaEQ a Reaper. Dukkansu a kan tsari ɗaya suke, wanda George Massenburg ya gabatar a 1972, inda ake zaɓar mita, a zaɓi yawan ƙari ko ragi, a zaɓi faɗin wurin da za a taɓa. Na gwada Pro-Q ta kamfanin FabFilter na ƙasar Holan, kuma tana da daɗin aiki ƙwarai, amma idan na rage desibel 3 (ma'aunin ƙarfin sauti) a 300 Hz da ita, na rage haka da EQ Eight, kunnena ba ya raba su. Kuɗin da ake biya na saurin aiki ne da kyan gani, kuma mai koyo ba shi da wani abokin ciniki da ke tsaye a kansa yana jira. A wannan kiɗa na yanke ƙasan hayihat da tafi daga wajen 250 Hz, na yanke ƙasan fiyano daga wajen 150 Hz, na cire abin da ke ƙasa da 30 Hz a kik. Shawara ɗaya da zan ƙara ita ce a yi wannan yankan yayin da dukkan kiɗan ke tafiya tare, domin fiyanon da ya yi siriri idan an saurare shi shi kaɗai sau da yawa shi ne yake zama daidai a cikin taro. Yanayin ikwalaiza da ake kira liniya fes kuwa ban kunna shi a kan kik ba, saboda yana jawo jinkiri, kuma yana sa wani ɗan amo kafin bugu ya faɗo, wanda ke rage masa kaifi.

Inda aikin ya ci lokaci shi ne tsakanin kik da bes. Kiɗan yana kan muryar G, kuma G ta ƙasa da bes ke zama a kanta tana wajen 49 Hz, yayin da jikin kik ɗin yake wajen 55 Hz. Tazarar da ke tsakaninsu ta yi kaɗan ƙwarai, babu ikwalaizar da za ta raba su ba tare da ta kashe ɗaya ba. Tunda ba za su rabu a mita ba, dole a raba su a lokaci, kamar mutum biyu a ƙofar zaure, ɗaya ya ɗan kauce ɗaya ya wuce. Wannan shi ne aikin saidcen: a ɗora kwamfireso a kan bes, amma a sa shi ya riƙa sauraron kik, duk lokacin da kik ya buga sai bes ya sunkuya.

A nan lissafi yana taimakon kunne. Minti ɗaya milisakan 60,000 ne, idan aka raba shi gida 125 sai kowane bugu ya samu milisakan 480, rabin bugu kuma 240. Bes ɗina yana da babbar murya a rabin bugu, tsakanin kik da kik, don haka dole matsin ya gama sakinsa kafin milisakan 240 su cika. Na fara saurin saki, wato rilis, daga wajen milisakan 120, na riƙa ƙarawa har na ji bes yana dawowa daidai da rawar kiɗan. Idan sakin ya yi tsawo, bes ba ya gama miƙewa kafin kik na gaba ya sake danne shi, sai ƙasan kiɗan ya rame. Idan ya yi gajere ƙwarai, sai a ji wata ƙara mara daɗi, kuma dalilinta yana da muhimmanci: zagaye ɗaya na sautin 50 Hz yana ɗaukar milisakan 20, saboda haka kwamfireson da yake kamawa ya saki cikin ƙasa da wannan lokaci ba ƙarfin sautin yake sarrafawa ba, siffar igiyar sautin kanta yake lanƙwasawa. Duk mai aiki da bes ya kamata ya riƙe wannan adadi na 20 a ransa. Don wannan aiki kwamfireso mai tsabta nake so, wanda ba ya ƙara launi, wato ba ya canza kamannin sautin, kuma Compressor na Ableton, ko Fruity Limiter, ko ReaComp, kowanne yana yi. Reshiyo, wato yawan matsi, na 4 zuwa 1 da ragin desibel 5 zuwa 6 sun ishe ni.

Akwai masu barin kwamfireso gaba ɗaya a wannan wuri su yi amfani da kayan zana hawa da saukar murya, irin su LFO Tool ko Kickstart. Hujjarsu mai ƙarfi ce a kiɗan da kik ke bugawa sau huɗu cur a kowace gaɓa, domin siffar sunkuyawar tana hannunka kai tsaye. Ni dai na zauna a kan kwamfireso saboda kiɗana yana da wuraren da kik ke tsallake bugu, kuma ina so bes ya tsaya da ƙarfinsa a wuraren. Wannan numfashi da ake ji a kiɗan rawa, inda komai ke nutsewa yana tasowa, ba ya buƙatar kaya masu tsada. Masu hawus na Faransa a shekarun 1990 sun shahara da shi, kuma na'urar da aka fi dangantawa da sautinsu ita ce Alesis 3630, wadda take cikin masu araha a zamaninta.

Sai kwamfireso masu launi, waɗanda kamfanoni ke kwaikwayon tsofaffin na'urori da su. Sanin yadda na asalin yake aiki shi ne yake nuna inda kwaikwayonsa zai dace. Na'urar 1176, wadda Bill Putnam ya ƙera ta fito a 1967, saurin kamunta, wato atak, yana tsakanin maikurosakan 20 zuwa 800, ma'ana ko a mafi jinkirinta ba ta kai milisakan ɗaya ba. Da na ɗora irinta a kan kik sai ta cinye bakin bugun, ya zama dum babu tak, amma a kan tafi ta fito da wutsiyar sautin ta ba shi kauri. LA-2A kuwa da haske take aiki, tana kamawa a hankali ta saki a hankali, maɓallanta na aiki biyu ne kacal, kuma a kan fiyano da muryar mawaƙi take nuna kyanta. Na uku shi ne kwamfireson teburin haɗa sauti na kamfanin SSL, wanda Glue Compressor na Ableton yake kwaikwayo tun fitowar Live 9 a 2013. Shi na ɗora a kan rukunin ganguna baki ɗaya, da atak na milisakan 30 domin bakin kik ya wuce kafin matsi ya kama, da reshiyo 2 zuwa 1, allurar da ke nuna ragi kuma ba ta wuce desibel 2 ba. A ganina wannan shi ne kwamfireso mai launi guda ɗaya da mai kiɗan rawa ya fi buƙata. Wanda ke kan FL Studio ko Reaper zai iya samun kusan wannan aiki daga TDR Kotelnikov, wanda ake bayarwa kyauta, ko da yake shi ya fi karkata ga tsabta.

Kalangu ya zo da tasa matsalar, kuma ita ce ta fi koya mini wani abu. Kik na na'ura muryarsa ɗaya ce daga farko har ƙarshe, amma makaɗin kalangu yana matsa tsarkiya a hammata yana saki, muryar ganga tana hawa tana sauka, wanda shi ne duk armashin kiɗansa. Idan ya saki tsarkiya muryar ta sauko, sai ta yi kumburi a yankin da fiyano da saman bes suke, idan kuma ya matsa ta hau, yankin yakan zama fayau. Ikwalaiza ta yau da kullum idan ta rage wannan yanki ragewa take yi har abada, sai muryoyin kalangun na sama su rasa jiki. Maganin shi ne ikwalaiza mai motsi, wadda take ragewa kawai idan yankin ya wuce iyakar da aka sa mata. TDR Nova tana yin wannan kuma kyauta ce. Na sa ta a wajen 220 Hz, tana rage desibel 3 zuwa 4 a kan muryoyin ƙasa kawai. Kwamfireso kuwa kaɗan na sa wa kalangun, domin bambancin bugu mai ƙarfi da mai taushi yana cikin maganar da gangar ke yi, kuma kiɗan na'ura yana da isassun sautuka marasa motsi.

Naɗin kalangun ya ɗauko gunjin wutar lantarki. Wutarmu a Najeriya da Nijar tana tafiya a kan 50 Hz, don haka gunjin yana zama a 50, da 100, da 150, wato daidai kan bes ɗin da ke 49 Hz. Yankan ƙasa daga 80 Hz da ƙananan ragi biyu masu tsini a 100 da 150 sun kawar da shi. Wannan ya shafi OTT ma, filogin na Xfer Records da ake samu kyauta, wanda ya zama ruwan dare a kiɗan rawa na zamani. Yana raba sauti gida uku, yana danne mai ƙarfi, yana kuma ɗaga mara ƙarfi, saboda haka duk wata ƙazanta da ke ɓoye a naɗi sai ya fito da ita fili. A kan sintesaiza na bar zurfinsa a wajen kashi 20 cikin 100, a kan kalangu kuwa ban sa shi ba sam.

Ikwalaiza mai launi guda ɗaya na ajiye, irin Pultec, wadda asalinta na shekarun 1950 ne. Dabararta sananniya ce: a zaɓi 60 Hz, a ɗaga maɓallin ƙari da na ragi tare, sai ƙasan ya cika yayin da yankin da ke sama da shi ya ɗan lotsa, kik ya yi nauyi ba tare da laka ba. Sai dai mu tuna da masu saurarenmu. Yawancinsu a waya ko a ƙaramar sifika za su ji kiɗan, kuma waɗannan ba sa fitar da 49 Hz. Ƙara ƙasa da ikwalaiza ba zai sa a ji bes a waya ba, sai dai ya cinye sarari a mastarin, wato matakin ƙarshe na gyaran kiɗa. Abin da ya yi aiki shi ne ɗan gurɓata bes da saturesha domin ya haifi muryoyi a 98 da 147 da 196 Hz, waɗanda kunne ke ji ya cike ta ƙasan da kansa.

Duk wannan zaɓi ba shi da tushe idan ba a daidaita ƙarfin murya kafin kwatantawa ba. Tun a 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa yadda kunne ke jin ƙasa da saman sauti yana canzawa da ƙarfinsa, shi ya sa abin da ya fi ƙara yakan yi kama da ya fi daɗi. Filogin da yawa suna ƙara desibel ɗaya ko biyu da zarar an ɗora su. Yanzu duk abin da na ɗora sai na daidaita fitarsa da shigarsa, sannan na rufe ido na riƙa kunnawa da kashewa har na manta wanne ne wanne. Ta wannan hanya na cire kwamfireso daga kan kik gaba ɗaya, domin samfurin 909 ya riga ya zo a matse, kuma ƙarin matsin bai ƙara masa komai ba sai ƙara. Youlean Loudness Meter da Voxengo SPAN, dukkansu akwai na kyauta, suna taimakawa wajen tabbatar da abin da kunne ya ji.

A halin yanzu layin mastarin babu komai a kansa sai ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kololuwar kiɗan tana wajen desibel 6 ƙasa da sifili. Aikin da ke gabana shi ne limita, wadda ke hana ƙarfin kiɗa wuce iyaka. Spotify yana daidaita waƙoƙi zuwa wajen -14 LUFS (ma'aunin ƙarar waƙa baki ɗaya), amma kiɗan da DJ zai saka a fili yakan fi haka ƙara sosai, saboda haka zan fitar da kiɗan iri biyu, in saurari yadda kalangun da bakin kik suke jure matsin a kowanne. Wanda yake aiki a kan bugu 128 ya sake lissafin rilis ɗinsa kafin ya ɗauki adadina, domin bugunsa milisakan 469 ne, rabinsa kuma wajen 234.