Yadda na tado da XP ɗin shagon kawuna a cikin VirtualBox

Kawuna yana da shagon sari a babbar kasuwar Maradi, shinkafa, sukari, taliya, man girki, irin kayan nan, kuma duk lissafin bashinshi yana cikin wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da ke ajje a ƙuryar shago tun ina lakwal. Wani ɗan lojisiyel ne aka girka mashi tun can da daɗewa, ba ya da wani kyan gani amma ya san wa ya ɗauki buhu nawa, wa ya biya, wa ya ce sai bayan kaka, ƴan kasuwar Tibiri da Madarunfa da Gidan Rumji duk sunansu na ciki. To ranar da ta ƙi tashi ya kira ni, ya ce yaro zo ka duba min abin nan naka, jika nawa ne na mutane ke ciki ban ma sani ba. Na buɗe ta, ƙura ta cika ta tab, ƴan kondansatocin da ke kan babban allon sun kumbura har wasu sun tsage. Ita kam ta gama aiki. Amma diskin lafiya lau yake, irin na da ne mai faffaɗar igiya, IDE mai fil 40.

Abu na farko da kowa zai ce shi ne kwashe lojisiyel ɗin a sa ma sabuwar kwamfuta. Na gwada, bai yi ba, kuma dalilin a fili yake: abin girka shi na 16 bit ne, Windows mai 64 bit kuwa ba ta kunna irin waɗannan sam. Wanda ya rubuta shi ma ba a san inda yake ba yanzu. Sai ya rage mani hanya guda, in ɗauke XP ɗin gaba ɗayanta yadda take in zuba ta a cikin injin kwaikwayo, wato kwamfutar ƙarya da ke gudana a cikin ta gaske. VirtualBox na ɗauka don kyauta ne kuma yana da Faransanci, yaron shagon zai iya karanta abin da ke gabanshi.

Na haɗa diskin da kwamfutata ta hannu da adaftan USB, na yi kwafinshi da Disk2vhd, lojisiyel mai maida diski gaba ɗaya fayil guda. Fayil ɗin iri biyu ne, VHD da VHDX. Nan akwai wani ɗan akwati na VHDX, a cire mashi alama, don VirtualBox ba ya aiki sosai da VHDX, VHD zalla yake so. Da ya gama sai na sake kwafe fayil ɗin wuri na biyu, na naɗe diskin asali a leda na miƙa ma kawu na ce ku ajje wannan inda kuke ajje takardun fili. Daga nan duk wasan da na yi a kan kwafi na yi shi.

Tun kafin XP ta ce uffan VirtualBox ya ƙi kunna injin, wai an kashe VT-x ko AMD-V, abin da ke ba kwakwalwar kwamfuta damar gudanar da injin kwaikwayo. Tawa mai AMD ce, a BIOS ɗinta, wato saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, sunan abin SVM, na kunna, wannan bai ɗauki lokaci ba.

Sai shuɗin allo. Tambarin XP ya fito, ƴar sandar nan ta fara gudu, raina ya yi fari, kawai sai STOP 0x0000007B. Ma'anar lambar nan Windows ba ta ga diskin da za ta tashi daga kanshi ba, kuma abin dariyar daga kanshi ta fara tasowa. Abin da ke faruwa, matakin farko BIOS ne ke karanta mata diski, daga baya sai ta karɓi aikin da direbanta, ɗan lojisiyel ɗin da take magana da ƙarfe ta hanyarshi, in ba ta da direban da ya dace da mahaɗin diskin sai ta faɗi nan take. XP ta fito a 2001, ba ta zo da direban sabon mahaɗin diski na SATA irin na AHCI ba, shi ya sa masu gyara na da suke danna F6 wajen girkawa su sa disket. Ni kuma VHD ɗin a kan SATA yake maƙale. Na cire shi na maida kan IDE, nau'in PIIX4, kuskuren ya ɓace. Nan na fara gane inda matsalar take gaba ɗaya: wannan XP ɗin ba sabuwa ba ce, ta girma a cikin wani ƙarfe daban kuma shi take nema duk lokacin da ta buɗe ido, aikina shi ne in sa injin ƙaryar ya yi kama da tsohuwar kwamfutar gwargwadon iko, ba in cika shi da sabbin abubuwa ba.

Na biyu ya fi ban haushi don shi ko lamba babu. Baƙin allo kawai, ba rubutu ba motsi, ka zauna kana kallo kana cewa ƙila nauyi ne. Ba nauyi ba ne. Lokacin da ake girka XP tana zaɓar wani fayil da ke tsakaninta da ƙarfen kwamfuta, HAL ake ce mashi, kuma ba ta sauya shi da kanta daga baya. Tsohuwar Pentium 4 ce mai nuna kanta kamar kwakwalwa biyu, don haka HAL ɗinta yana buƙatar IO APIC, shi kuwa a kashe yake a saitin injin. Alama guda na sa a akwati, ta wuce wurin.

Ta wuce ta sake faɗuwa, wannan karon 0x0000007E, kuma tana sake kunna kanta da sauri har ba ka iya karanta lambar, sai da na danna F8 na zaɓi hana sake kunnawa ta kai tsaye sannan na gani. Wannan ya cinye mani dare, ga zafi ga wuta tana zuwa tana tafiya, batirin kwamfutata kuma ba wani abin kirki ba. Abin da ya ba ni haske shi ne a yanayin kariya, wanda XP ta Faransanci ke kira mode sans échec, tana tashi lafiya. Ke nan wani direba ne da ba a lodawa a can yake kada ta. Shi ne intelppm.sys, direban da ke kula da wutar kwakwalwar Intel, ya farka ya tarar da AMD. A yanayin kariyar na buɗe cmd, tagar rubuta umarni, na rubuta sc config intelppm start= disabled, kuma a lura akwai fili bayan alamar daidai, in babu shi umarnin ba ya karɓuwa. Na sake kunnawa sai ga hoton fuskar XP, koren tudun nan da shuɗin sama.

Wani abu da ban ga amfaninshi ba sai a daren nan shi ne ɗaukar hoton halin injin, instantané yake a VirtualBox na Faransanci. Duk matakin da na ci sai in ɗauka kafin in taɓa wani abu, kuma saiti ɗaya nake sauyawa a lokaci guda. Na san masu gyara da yawa a garin nan da za su juya abu biyar tare, in ta tashi ba su san wanne ya gyara ba, in ta ƙi ba su san wanne ya ɓata ba, gobe in an kawo masu irinta sai su koma farko.

Kalmar sirri ma ta ɗan yi mamu wasa. Kawu ya rantse ita ce, XP ta ce ba ita ba ce. Ashe XP ɗin AZERTY take karantawa, madannin kwamfutata kuwa QWERTY ne don daga Kano aka kawo ta, inda nake danna A ita Q take gani, lambobin sama kuma sai an riƙe Shift. Sannan Ctrl Alt Del ba ya shiga injin kai tsaye, Ctrl na dama ake riƙewa a danna Del.

Sauran ƙanana ne. Na sa Guest Additions, direbobin VirtualBox da ake girkawa a cikin injin, allo ya buɗe, linzami ya daina maƙalewa, na samu jakar da injin da kwamfutar ke rabawa. Ram na ba ta 1 GB ya ishe ta har da saura, ko ka ba ta 8 ba ta iya cin abin da ya wuce 3 da ɗan wani abu don 32 bit ce. Firintar rasit na haɗa ta USB 2.0, XP ba ta san 3.0 ba, kuma tun VirtualBox 7.0 da ya fito a 2022 ba sai an ƙara wani kunshi ba kafin 2.0 ya yi aiki. Wasu XP ɗin in suka ga ƙarfe ya sauya sai su nemi a sake tabbatar da lasisi cikin kwana 3, tamu ba ta nema ba.

Inda muka ɗan ja da yaron shago shi ne intanet, yana so in buɗe mashi don ya ga katin sadarwa na aiki. Na ƙi, na ma cire katin daga saitin gaba ɗaya. An daina yi ma XP gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu 2014, kuma virus ɗin WannaCry da ya rufe fayilolin mutane a duniya a watan Mayu 2017 ta hanyar raba fayil ta SMB ta da ya bi, har sai da Microsoft ta fitar ma XP da facin gaggawa duk da ta daina kula da ita. Littafin bashin mutum ba wurin gwaji ba ne. In ma an buɗe ba abin da zai gani, Internet Explorer 8 ne ƙarshenta, yawancin shafukan yanzu ba sa buɗuwa da shi.

Da na kai ma kawu ya sa tabarau ya nemi sunan wani mutumin Dan Isa, ya ga bashin na nan yadda ya bari, ya ce to madalla, Allah shi yi albarka, sai a ci gaba a haka. Na ce a'a Kawu, ku yi haƙuri, wannan jinya ce kawai. Lojisiyel ɗin yana iya fitar da lissafi a fayil ɗin rubutu, don haka duk Alhamis yaron zai fitar ya sa a jakar rabawa, ya kwafe VHD ɗin da jakar injin gaba ɗaya a kile, ni kuma na fara jera sunayen a Excel kaɗan kaɗan. Na kai harafin H, kuma Alhazan da ke ƙarƙashin A kaɗai sun kusa rabin littafin.