Washa guda ɗaya ce ta ja mini asarar kwamfuresa

Har yau in na tuna wannan washar, wani ɗan siririn zoben ƙarfe a jikin kwamfuresar esin motata, sai na ji raina ya ɓaci. Kaurinta bai kai na farce ba.

A-kori-kurar tawa ƙirar 1996 ce, kuma esinta bai taɓa ba ni wahala ba sai bara. Da safe in na tayar da ita, sanyi kamar ƙanƙara. Da an yi tafiyar minti ashirin inji ya ɗau zafi, sai iska ta koma ɗumi, ba ta dawowa sai motar ta huce. Na duba fiyus, na duba rile, na wanke kwandensar da ke gaban lagireto har ƙura ta fita tas, fambel ma lafiya lau. Daga nan na yanke wa kaina hukunci: gas ne ya yi ƙasa. Ai kowa haka yake faɗa da zarar esi ya daina sanyi.

Na sayo gwangwanin gas ɗin esi mai suna R-134a, mai ɗan geji a jikin tiyonsa, na ɗura. Babu canji. Bayan sati na ƙara wani. Na uku kuwa na ɗura shi ne da haushi, ina cewa ko dai wani wuri ne ke yoyo. Abin da ban yi la'akari da shi ba, wannan ɗan gejin ɓangare ɗaya kawai yake gani, wato ɓangaren da matsin gas yake ƙasa. Ɗaya ɓangaren, inda matsi yake hawa, ban san halin da yake ciki ba, ga shi ina ta cusa masa. Kuma a ƙarƙashin bonet akwai 'yar takarda manne da ta rubuta nauyin gas ɗin da motar ke ɗauka da giram. Shekaru ina ganinta, ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Wata safiya na ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, fambel ya yi kuka, wari ya taso. Kwamfuresa, wato famfon da ke matsa gas ɗin esi, ta cije.

Makanikin da na kai wa ya jona gejinsa mai agogo biyu, ya dube ni ya ce, "Malam, wa ya cika maka gas haka?" Na ce ni ne. Ya yi mini bayani cewa kwamfuresa tururi take matsawa, ba ta iya matsa ruwa, kuma in gas ya yi yawa yakan koma mata yana ruwa-ruwa ya fasa cikinta. Na ba shi labarin yadda abin ya faro, sanyi da safe, ɗumi da rana. Bai ce komai ba, ya zaro siraran ƙarafan nan na awo ya zura tsakanin fuli, wato abin da fambel ke juyawa, da farantin kuloci na matacciyar kwamfuresar. Tazarar ta haura milimita ɗaya. Yadda ya kamata ta tsaya wajen rabin milimita ne.

Ashe ciwon ke nan tun farko. Shi farantin kulocin, maganaɗisu ne ke jawo shi ya manne da fuli, sannan kwamfuresa ta juya. Shekara da shekaru farantin yana cinyewa, tazara na buɗewa. Da safe wayar maganaɗisun tana da sanyi, ƙarfinta ya isa ya jawo farantin. In ta yi zafi sai ƙarfin ya ragu, ta kasa kamo shi, kwamfuresa ta tsaya alhali fuli na ta juyawa. Makanikin ya kwance noti ɗaya, ya zare farantin, ya zazzago washar da ke bayansa, wadda ke tsai da tazarar, a tafin hannuna. Cire ta kawai za a yi tazarar ta koma daidai. Gas ɗina tun asali bai ragu ko kaɗan ba.

Abin da ya fi ci mini rai, da a ce na buɗe bonet a lokacin da iska ta koma ɗumi na kalli gaban kwamfuresar, da na ga farantin a tsaye. Kallo kawai. Ni kuwa kullum da safe nake dubawa, lokacin da komai ke aiki.

Gyaran bai tsaya a kwamfuresa ba. Garin ƙarfen da ta zubar ya bi bututu, dole aka wanke layin gaba ɗaya, aka canza kwandensa, aka canza gwangwanin da ke tsotse danshi, aka zuba sabon man kwamfuresa mai suna PAG, aka jona famfon zuƙe iska sama da rabin awa, sannan aka auna gas a sikeli aka ɗura daidai da abin da takardar ta ce. Wanda motarsa ta girmi tawa ya ƙara kula: na kafin wajajen 1994 da yawa tsohon gas mai suna R-12 suke amfani da shi, mansa daban ne, ba a haɗa shi da R-134a.

Yanzu duk wanda ya ce mini esinsa na sanyi da safe ya ɗauke da rana, ba na barinsa ya taɓa gwangwanin gas. Nakan ce ya bari motar ta yi zafi, ya buɗe bonet, ya faɗa mini ko farantin na juyawa. Washar tana nan a aljihun motar, ban yar ba.