Yadda na haɗa tsohon tarhon motata da wayar salula ta zamani

A tsakanin kujerun gaba na motata, BMW ƙirar E39 da aka ƙera a 1999, akwai kan tarho mai murɗaɗɗiyar igiya wanda ya zo da motar tun daga masana'anta. Na daɗe ina ɗaukarsa a matsayin kayan ado, har ranar da na danna wani maɓalli a jikin sitiyari bisa kuskure, allon rediyo ya nuna mini cewa yana neman tarho. A nan na fahimci cewa makirfo da lasifikoki da maɓallan sitiyari da allon duk suna nan da ransu, akwatin da ke magana da kamfanin sadarwa ne kaɗai zamani ya wuce.

Wannan akwatin yana aiki ne da tsarin GSM, wato 2G, kuma yana buƙatar layinsa na kansa, wanda ke nufin sai mutum ya riƙe lamba biyu. Ko da na yarda da hakan, makomar tsarin ba ta da tabbas, domin wani babban kamfanin sadarwa a Ostareliya ya rufe 2G a 2016, wani a Amurka ya bi sahu a farkon 2017, Singafo kuma ta rufe nata gaba ɗaya a cikin 2017 ɗin. Saboda haka na yanke shawarar cire akwatin, in sa wani a gurbinsa wanda zai yi magana da wayata ta Bluetooth.

Da farko na bi hanya mai sauƙi, na sayi ƙaramar na'urar nan da ake cusawa a ramin kunna sigari, mai tura murya ta tashar FM. Ba ta yi mako biyu ba na cire ta, saboda duk wanda na kira sai ya ce yana jin muryarsa tana dawo masa, kuma maɓallan sitiyari ba su san da zamanta ba.

Abin da ya buɗe mini ido shi ne zanen wayoyin lantarkin motar, wanda ya kamata in fara da shi tun kafin in kashe ko sisi. A motocin wannan ƙira, rediyo da allo da sitiyari da tarho suna aika wa juna saƙo ta siririyar waya guda ɗaya da ake kira I-Bus. Idan kira ya shigo, akwatin tarho ne ke umartar rediyo ya yi shiru, ya rubuta lambar mai kira a allo, sannan ya saurari maɓallin amsawa daga sitiyari. Duk na'urar da ba ta jin wannan yaren baƙuwa ce a cikin motar, komai kyawunta. Kamfanin BMW da kansa ya fitar da akwatin Bluetooth mai suna ULF don motocin da suka biyo bayan tawa, kuma shi ma da wannan yaren yake magana, don haka na nemo wanda aka ciro daga wata mota.

Matsalar ita ce soket. Tsohon akwatin, wanda ke gefen hagu na but a bayan shafi, yana da soket mai ƙafa 25, sabon kuma mai ƙafa 54 ne. Na haɗa kebul na tsakani da hannuna, ina bin kowace waya da mitar awon lantarki don tabbatar da inda ta nufa: wutar batir ta dindindin, wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, wayar ƙasa (wato ta negatif, wadda ke haɗe da ƙarfen jikin mota), I-Bus, wayoyin makirfo, na lasifika, da wadda ke sa rediyo shiru. Ban yanke ko waya ɗaya daga cikin na asali ba, kuma wannan ita ce shawarar da na fi godiya da ita daga baya. Na ƙara da ƙaramar eriyar Bluetooth, wadda na kai kusa da kujerun gaba, domin siginar ba ta ratsa ƙarfen but da kyau, sai kuma maɓallin da ake dannewa yayin murɗa makulli don akwatin ya bayyana ga waya. Lambar sirrin haɗawa mai alƙaluma 4 tana rubuce a takardar da ke manne a jikin akwatin, kuma na manta ban kwafe ta ba sai da na gama ɗaure komai, dole na sake kwancewa.

Kiran farko ya shiga, rediyo ya yi shiru da kansa, na amsa daga sitiyari. Murnata ba ta wuce kwana uku ba, domin da safiyar na huɗu motar ta ƙi tashi, batir ya mutu murus.

Laifin nawa ne. Waɗannan motoci suna yin barci kimanin minti 16 bayan an kulle su, a lokacin ne na'urorinsu ke daina jan wuta sai ɗan abin da ba a rasa ba. Na sa mita a tsakanin ƙafar batir ta ƙasa da kebul ɗinta, na danne makullin but da sukudireba don motar ta ɗauka a rufe yake, na zauna ina jira. Minti 16 suka wuce, 30 suka wuce, ƙarfin da ake ja bai sauka ba, yana nan a ɗaruruwan miliamfa (ma'aunin wutar da ake ja) maimakon 'yan gomomi. Da na zare soket ɗin sabon akwatin sai allurar ta faɗi nan take. Ashe a wajen haɗa kebul na ɗaura wayar makulli a kan wutar dindindin, don haka akwatin yana ganin kamar ana tuƙi dare da rana. Gyaran bai ɗauki minti goma ba, amma da na yi wannan awon a ranar farko, da ban wahalar da batirin ba.

Makirfo ma ya ba ni aiki. Tsohon da ke rufin motar ya sa ana jin muryata can ƙasa-ƙasa, sai da na musanya shi da irin wanda aka yi don sabon akwatin, mai karɓar wuta daga gare shi, sannan magana ta fita sarai.

Akwai abubuwan da aikin bai ba ni ba, kuma ya dace in faɗe su. Akwatin ya san ƙa'idar kira kawai, wadda ake kira HFP, bai san A2DP da ake tura sauti da ita ba, saboda haka karatu ko waƙa daga waya ba sa fita ta nan. Sunayen da na rubuta da haruffa masu ƙugiya, irin su ɗ da ƙ, ba sa fitowa daidai a tsohon allon, sai da na sauya rubutun wasu. Babbar asarar kuma ita ce ƙarfin sigina: tsofaffin tarhon mota na GSM suna iya watsawa da ƙarfin wat 8 ta eriyar waje, wayar hannu kuwa ba ta wuce wat 2, kuma yanzu daga cikin aljihuna take aiki. Wasu motocin suna da tsarin rSAP mai aron layin waya ya yi amfani da eriyar mota, sai dai iPhone ba ta karɓar wannan tsarin.

Wani aboki mai motar da ta biyo bayan tawa da 'yan shekaru ya so ya kwaikwaye ni, na hana shi taɓa komai tukuna, domin tasa tana amfani da zoben kebul na haske da ake kira MOST, wanda idan aka zare akwati ɗaya daga cikinsa ba tare da an cike gurbin ba, rediyo da sauran na'urorin sauti duk sai su ɗauke.

Tsohon kan tarhon kuwa na mayar da shi mazauninsa duk da ba ya haɗe da komai, tsohon akwatin kuma yana nan a leda tare da zanen da na yi wa kowace ƙafa lamba, ko da wata rana wani zai so ya mayar da motar yadda ta fito.