Sarƙa ɗaya, mutum biyu da ba sa ga maciji

Jiya da daddare barci ya ƙi zuwa, sai na sake kunna wani tsohon fim na 1958 mai suna The Defiant Ones, irin mara kalar nan, kuma tun safe abin yake ta min yawo a ka. Fursunoni biyu ne a kudancin ƙasar Amurka, ɗaya baƙi ɗaya fari, Sidney Poitier da Tony Curtis, an haɗa hannayensu da sarƙa ɗaya, motar da ta ɗauko su ta yi hatsari cikin dare suka samu suka tsere. Kowa ya tsani ɗan uwansa kamar ya mutu. Har masu bin sawunsu ma cewa suke ba sai an wahala ba, kafin su yi nisa za su kashe junansu.

Ni dai wannan dabarar ta ɗaure mutum biyu da halinsu ya sha bamban tana burge ni, duk da an yi ta an yi ta har ta kusa gundurar mutane. A rayuwa in wani ya ishe ka ai tashi kake ka kaɗe rigarka ka bar masa wajen, shikenan magana ta mutu. To wannan tashin shi ne babban ciwon kan mai rubuta labari, don kullum sai ya ƙirƙiro dalilin da zai hana jarumansa rabuwa, kuma mai kallo ba wawa ba ne, yana ta tambaya a ransa, to me ya zaunar da ke, ki tafi mana! Da an ɗana ankwa wannan tambayar ta ƙare. Babu fushi a bar ɗaki, in ka yi zuciya ka miƙe sai ka ja wanda ya ɓata maka ran ya biyo ka.

Amma abin da na fi so ba surutun da suke yi ba ne, jikin ne. Wa aka ɗaure wa hannun dama, wa aka ɗaure wa hagu? Wanda damansa ke cikin ƙarfe ya zama ɗan kallo, ko ruwa zai sha sai ya roƙi alfarma. Dogo da gajere takunsu ba ɗaya ba. Ɗaya na jin barci ɗaya na son a ci gaba da gudu, ga zancen kewayawa wanda yawancin finafinai ke tsallakewa saboda kunya. A fim ɗin jiya akwai wajen da suka faɗa wani rami mai laka, kowa ya yi ta ƙoƙarin hawa shi kaɗai yana zamewa yana jawo ɗayan ƙasa, sai da dole ta sa ɗaya ya taka ɗaya. Akwai kuma inda suka haye kogi da kyar, ɗayan ya yi godiya, sai aka ba shi amsa cewa ba cetonka na yi ba, kaina na hana ka ja cikin ruwa. Wallahi nan wajen ya fi min duk wani dogon jawabin zaman lafiya.

Na taɓa gwadawa fa, kar ku yi dariya. Ni da ƙanina muka ɗaure tsintsiyar hannunmu da igiya wai za mu yi awa ɗaya. Ba mu kai rabi ba. Shi mutum ne mai magana da hannu, duk kalma sai ya wurga shi, ni kuma ashe ina yawan sosa keya ban sani ba sai ranar. Kuma mu da muke shiri kenan.

Abin ba daga fim ya fara ba. A kudancin ƙasar Amurka da gaske an riƙa jera fursunoni a sarƙa suna aikin hanya. Rumawa ma sukan ɗaure fursuna da sojan da ke gadinsa, har masanin falsafarsu Seneca ya rubuta cewa sarƙa ɗaya ce ke riƙe da ɗaurarre da mai tsaronsa. Shi ya sa irin wanda ake haɗa ɗan sanda da mai laifi ya fi daɗi a wajena, don mai riƙe da makulli ma ba shi da sakat, kuma a irin labarin nan makullin sai ya ɓata, ko ya faɗa ruwa ko wani ya haɗiye.

Daraktan fim ɗin nan ɗan Ingila, Alfred Hitchcock, ya yi nasa tun 1935 a The 39 Steps, shi kuma mace da namiji ya haɗa, ita ta yarda ɗari bisa ɗari cewa mai kisan kai ne aka ɗaure ta da shi. Da dare a masauki yana barci ta lallaɓa ta zare hannunta daga ankwar, ta fito za ta gudu, sai ta jiyo mutanen da ke farautarsu suna waya, ta gane ashe gaskiya yake faɗa mata tun farko. Sai ta koma ɗakin da ƙafarta.

To nan ne nake auna ko marubuci ya iya aikinsa. Ɗaurewar kowa zai iya, sakin ne gwaji. Muddin ƙarfen na hannu ba ka san komai game da zuciyarsu ba, duk taimakon da suka yi wa juna za ka iya cewa tilas ce. Sai an kwance kowa ya samu hanya a gabansa tukuna. Ragwayen labarai suna cutarmu a nan, minti ashirin ana zage-zage, sai a zauna gaban wuta kowa ya ba da labarin wahalar yarintarsa, gari na wayewa sun zama aminai. Haba dai. Ƙiyayyar shekara da shekaru ba ta narkewa a hira ɗaya, kuma ni ban ma yarda dole sai sun so juna ba. Ina son in ga wanda za a kwance su kowa ya kama gabansa ba ko sallama, amma wata shida bayan nan mutum yana tafiya yana barin fili a gefen hagunsa bai san dalili ba.

Fim ɗin 1958 ɗin ma akwai masu sukar ƙarshensa kuma ina ganin suna da hujja. An cire sarƙar, farin ya gano an tura abokin tafiyarsa cikin fadama don ya halaka, ya bi shi da raunin harbi a jikinsa. Suka iso jirgin ƙasa yana tafiya, Poitier ya haye, ya miƙo hannu ya kama ɗayan amma ya kasa jawo shi, su duka suka rikito ƙasa. Masu suka suna cewa don me kullum baƙin ne zai sadaukar da 'yancinsa saboda fari? Jiya sau uku ina mayar da wajen baya ina kallon hannayen nan biyu, ina neman daidai inda zai iya saki.